Kaskon yankan ciyawa na ƙaramar tarakta: mai inci 48 ko mai inci 54?

Mai Lambu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masana nake nema. Ƙaramar tarakta ce ta gyaran lambu, injinta mai ƙarfin doki 24. Kaskon da wuƙaƙen yankan ciyawa ke ciki, wanda ke rataye a ƙarƙashinta, tsatsa ta cinye shi, dole a sake. Kasko iri biyu ne ke shiga wannan samfurin: mai inci 48 wanda aka matso da injin matsa daga fallen ƙarfe ɗaya, da mai inci 54 wanda aka haɗa da walda. Filin ya kai hekta ɗaya, yana da ɗan tudu da kwari, ga bishiyoyi jefi-jefi. Burina yankan ya fito sumul, babu layin ciyawar da ta tsira, babu tari-tari a baya. Wanne za a ɗauka?

Mai Walda: Wa alaikumus salam. Malam, ɗauki na walda ka huta. Irinsa da ƙarfe mai geji 10 ko 11 ake yi, wato kaurin milimita 3 zuwa 3.4, na masu sana'a ma har geji 7, kusan milimita 4.6. Matsattsun da ake sa wa ƙananan taraktoci galibi geji 12 ne ko 13, milimita 2.3 zuwa 2.7. A lura, a lissafin geji lamba na raguwa ne kauri na ƙaruwa. Tunda akwai bishiyoyi akwai saiwa, kuma kasko mai kauri ba ya lanƙwasa da karo ɗaya. In ma ya tsage, gyaransa da walda ba wuya.

Bakanike: Oga Mai Walda, abin da ka faɗa game da ƙwari gaskiya ne, amma ba shi Malam ya tambaya ba. Ya tambayi kyan yanka. Kauri ba ya yanka ciyawa. Abin da ke yanka ta daidai shi ne iskar da ke yawo a cikin kaskon.

Wuƙar wannan inji ba ta da abokin gogayya irin na almakashi, da gudu kawai take sare ganye. Kafin ta sare shi daidai sai ganyen ya miƙe tsaye. Tayoyin gaba sun riga sun bi ta kansa sun kwantar da shi, to mai tayar da shi ita ce iskar da fiffiken bayan wuƙa ke zuƙowa daga ƙasa. Iskar nan dai ita ce ke kwashe yankakken ganyen ta fitar da shi ta bakin kasko. Idan cikin kaskon yana da kusurwa, iska na karyewa a wurin, ɗanyar ciyawa ta manne, ta taru, sai ta faɗo dunƙule-dunƙule. Matsattsen kasko cikinsa zagaye yake, babu lungu, shi ya sa sau da yawa yake fin na walda tsaftar yanka ko da ƙarfensa bai kai nasa kauri ba.

Sannan matsattse ba lallai ne ya zama siriri ba. John Deere na da wanda suke kira 7-Iron, matsattse ne daga fallen geji 7. Saboda haka a duba gejin wannan mai inci 48 ɗin kafin a yanke masa hukunci.

Mai Walda: Ban ƙi ba, amma na walda na yanzu ba akwati mai kusurwa huɗu ba ne. Ana lanƙwasa shingen ƙarfe a ciki yana bin da'irar kowace wuƙa. In shingen ya zauna daidai, iska ba ta da lungun da za ta maƙale.

Bakanike: Madalla, nan ne wurin dubawa. Malam Mai Lambu, ka sa a kifa maka su biyun ka leƙa ciki. Ka ga ko shingen yana bin bakin wuƙa kusa-kusa ko ya bar fili. Ka auna zurfi daga rufin kaskon zuwa leɓensa na ƙasa: mai zurfin inci 5 ko kusa da haka yana ba ciyawa wurin miƙewa da wurin juyawa, marar zurfi kuwa saurin shaƙewa yake in ciyawa ta yi kauri. Ka kuma dubi faɗin bakin da ciyawa ke fita. Wuƙa uku ke turo kaya zuwa ƙofa ɗaya, ta hagu ta miƙa wa ta tsakiya, ta tsakiya ta miƙa wa ta dama. Ta daman nan tana yanka nata tana kuma ɗauke da na 'yan uwanta. In ƙofar ƙarama ce, a nan cunkoso ke farawa.

Injiniya: Ku ba ni dama in shigo da maganar faɗi, don a ganina ita ce ta fi nauyi a wannan filin, ba ta walda ko matsi ba.

Mutane na ɗaukar babban kasko don ya rage lokaci. Bari mu lissafa. Inci 48 mita 1.22 ne, inci 54 kuma mita 1.37. A gudun kilomita 6 cikin sa'a, na farko zai rufe murabba'in mita 7,300 a takarda, na biyu 8,200. A cire kashi 20 cikin 100 na juyawa da maimaita gefen layi, ya rage kusan 5,850 da 6,580. A hekta ɗaya wannan ya zama minti 103 da minti 91. Minti goma sha biyu ke nan tsakaninsu, kuma kewaya bishiyoyi zai cinye wani abu daga ciki.

Abin da ake bayarwa a madadin mintunan nan ya fi su tsada. Kasko falle ne sandararre, ba ya lanƙwasa ya bi ƙasa. In ya hau ƙaramin tudu, tsakiyarsa na kusantar ƙasa, wuƙar tsakiya ta yi wa wurin aski ƙwal-kwabo. In ya ratsa kwari, gefe biyu su yanka ƙasa-ƙasa, tsakiya ta bar doguwar ciyawa. Iya faɗin kasko iya munin wannan. Ga kuma fitowar da ya yi waje da tayoyi: mai inci 54 ya fi ɗan'uwansa fitowa da inci 3 ta kowane gefe, don haka duk lokacin da tayar baya ɗaya ta faɗa rami, gefensa na nutsewa fiye da na mai 48. A shimfiɗaɗɗen fili kamar na ƙwallo, 54 ko 60 ba laifi. A fili mai tudu da kwari, 48 ne zai ba da yanka mai kyan gani.

Hajiya Mai Furanni: Injiniya, in haka ne me zai hana a sauko zuwa inci 42 gaba ɗaya? Wuƙa biyu kawai, kayan gyara sun ragu.

Injiniya: Hajiya, tambaya ce mai kyau, amma 42 na da nasa cikas. Na ɗaya, a tarakta mai faɗin jiki da ƙyar yake leƙowa waje da taya, sai ya zama ba a iya yanka gindin bishiya ko gefen shinge, kuma kusan duk abin da yake yanka taya ta riga ta taka. Na biyu shi ne yadda wuƙaƙe ke haɗuwa. Wuƙa biyu ba za su shiga da'irar juna ba sai sun yi karo, don haka ko dai a gusar da ɗaya gaba kaɗan a karkace, ko a ɗaure su da bel mai haƙora wanda ke tsare lokacin juyawarsu. Na karkacen yakan bar siririn layi a tsakiya lokacin shan kwana, musamman in bakin wuƙaƙen ya cinye sun gajarce. Na bel mai haƙora yana yanka da kyau, sai dai in wuƙa ta daki dutse bel ɗin ya tsallake haƙori, wuƙaƙen na iya sarar juna. A kasko mai wuƙa uku ta tsakiya na gaba, biyu na baya a gefe, hanyoyinsu na hawa kan juna ba tare da sun taɓa juna ba. Wannan tsarin ya fi yafiya.

Dattijon Zaure: Yara, duk kun yi magana mai ma'ana, amma ku gaya wa bawan Allahn nan gaskiya: kasko mafi tsada in ba a daidaita shi ba, yankansa bai fi na wanda tsatsa ta ci ba. Mafi yawan ƙorafin da ake yi a kan kasko, laifin saiti ne. Ga yadda ake yi, kuma a bi shi a jere.

A fara da iskar taya, domin kasko a jikin tarakta yake rataye, in ta karkata shi ma ya karkata. Da yawa daga cikin irin waɗannan injuna suna son fam 14 (psi, a ma'aunin iskar taya) a gaba, fam 10 a baya, amma a bi abin da littafin injin ya ce, kuma hagu da dama su zo daidai. Bambancin fam biyu a tayoyin baya ya isa ya fito a yanka.

A ajiye ta a kan daɓen siminti mai lebur. A kashe inji, a zare makulli, a cire wayar fulogi, a sa safar hannu. A ɗaga kasko zuwa tsayin da aka saba yanka, misali inci 3. Ƙananan tayoyin kasko kada su taɓa ƙasa lokacin awo.

A juya wuƙaƙen gefe biyu su kwanta a gicciye, a auna daga ƙasa zuwa bakin wuƙa na waje, hagu da dama. Daga bakin wuƙa ake awo, ba daga leɓen kasko ba, don leɓe na iya lanƙwasa. Bambancin kada ya wuce milimita 3. In ya wuce, a juya notin sandar rataya na gefen da ya sauka.

Sai a juya wuƙaƙen su fuskanci gaba da baya. Bakin gaba ya kamata ya fi na baya sauka da milimita 3 zuwa 6. Ana gyara wannan a sandar gaba. In an gama a koma a sake duba hagu da dama, domin taɓa ɗaya na motsa ɗaya.

Mai Lambu: Baba, me ya sa gaba zai fi baya sauka? Da na ɗauka lebur ɗin shi ne daidai.

Dattijon Zaure: Don a yanka ganye sau ɗaya. In gaba ya ɗan sauka, bakin wuƙa na sare ciyawa a gaba, sauran kewayen ya wuce ta samanta. In baya ne ya fi sauka, an yanka a gaba, an sake yanka a baya, wuƙa na goga kan ciyawar duk tsawon zagayenta. Inji ya yi nauyi, mai ya tafi, bakin ganye ya tsattsage, ciyawa ta riƙa fesowa ta gaban kasko. Amma kada a zarce. In gaba ya sauka da yawa, wuƙar tsakiya da ke gaba za ta yanka ƙasa-ƙasa fiye da na gefe, sai a ga matakala a bayan tarakta.

Ƙananan tayoyin kasko kuma ba don su ɗauki nauyinsa aka sa su ba, a yawancin waɗannan taraktoci. Aikinsu su tare ƙasa in an zo kan tudu. A bar tsakaninsu da ƙasa milimita 6 zuwa 13. In suna birgima a ƙasa koyaushe, kasko na tsalle da kowane ƙullutu, su kuma su cinye da wuri. In an canza tsayin yanka sosai, a canza raminsu. Malam, a filinka ka nemi kasko mai irin tayoyin nan huɗu, in da hali da abin birgima a hancinsa.

Bakanike: Allah ya ƙara girma, Baba. Bari in ɗora da wuƙa, don kasko ɗaya na iya yanka iri uku gwargwadon abin da aka ɗaura masa.

Mai dogon fiffike tana zuƙar iska sosai. Ita ce ta zubarwa ta gefe da ta tarawa a jaka, kuma ita ce maganin layin da taya ta kwantar. Tana cin ƙarfin inji, tana da ƙara, kuma a ƙasa mai yashi tana zuƙo yashin ya riƙa cin fiffikenta da cikin kaskon har ƙarfe ya sirance. A irin wannan ƙasa mai gajeren fiffike ake sawa. Ta niƙa kuma bakinta a lanƙwashe yake, kaifinta ya fi tsawo, tana riƙe ganye a ciki ta daddatsa shi ya koma ƙasa. Ita sai an toshe bakin kasko an sa shingen da ke raba wa kowace wuƙa ɗakinta. Masu toshe baki kawai su bar sauran yadda yake, su ne ke kukan tari-tari. Niƙa kuma ba ta yiwuwa a jiƙaƙƙiyar ciyawa ko wadda ta yi tsawo.

Wajen wasa wuƙa, a bi kusurwar da ta zo da ita, kusan digiri 30, ta fuskar sama kawai. Ba a son kaifin reza, don siririn baki na naɗewa da ya haɗu da tsakuwa. In da injin wasa ake yi, kada a bar ƙarfen ya yi shuɗi, zafi na kashe ƙwarinsa. Bayan kowace sa'a 20 zuwa 25 ta aiki a duba. A rataya ta a ƙusa ta ramin tsakiya, gefen da ya rinjaya a ƙara rage shi. Wuƙa mai nauyin gefe ɗaya ita ke kashe boris. Alamar dakushewa a jikin ciyawa take: kwana ɗaya ko biyu bayan yanka bakin ganye ya yi fari-fari ko ruwan ƙasa, in ka duba kusa ka gan shi a yage.

Kuma a kula wajen ɗaurawa, fiffike sama yake kallo, wajen rufin kasko. Ana kifa ta fiye da yadda ake zato.

Injiniya: Saura gudun wuƙa. Ƙa'idar tsaro ta Amurka, ANSI B71.1, ta tsayar da gudun bakin wuƙa a ƙafa 19,000 cikin minti, kusan mita 96 cikin daƙiƙa, kuma masu ƙera kasko ƙasa da haka kaɗan suke tsayawa. Wuƙar kasko mai inci 48 tsawonta kusan inci 17 ne, tana bukatar juyi wajen 4,000 a minti kafin bakinta ya kai mita 90 a daƙiƙa. Ta mai inci 54 ta kai inci 18 da rabi, juyi wajen 3,650 ya ishe ta. Shi ya sa girman fulin da ke kansu ya bambanta, kuma shi ya sa ba a ɗauko fulin wani kasko a sa wa wani. Masu rage girman fuli don wuƙa ta ƙara gudu suna wasa da rai ne, dutsen da ta ɗauka ba ya tambayar wanda ke tsaye a gefe.

Ana samun wannan gudun ne in totur na sama gaba ɗaya. Kullum a yanka da cikakken totur, a rage gudun tafiya da giya ko feda. Wuƙa mai juyi 4,000 tana da baki biyu, sara 8,000 ke nan a minti. A kilomita 6 cikin sa'a tarakta na tafiya mita 100 a minti, kowane sara na cin santimita 1.25. A kilomita 10 ya haura santimita 2, ga shi ciyawar da taya ta taka ba ta samu lokacin tashi ba. In kuma aka rage totur don tausaya wa inji, juyi ya faɗi, iska ta faɗi fiye da shi.

A nan ma 54 na da nauyinsa. Doki 24 zai ja shi, ana sayar da su a haka, amma a ciyawa mai kauri zai fi saurin sa inji ya durƙusa. Mai 48 na bar wa injin rara, wuƙa ta riƙe gudunta.

Mai Walda: To na sauko a kan faɗi, filin bai dace da 54 ba. Amma ban sauko a kan kauri ba, kuma yana da alaƙa da yanka. Gidan shaf ɗin wuƙa a rufin kasko ake ɗaure shi. In rufin siriri ne, wuƙa ta daki kututture sau ɗaya, wurin ya lotsa, shaf ya karkata. Daga ranar wuƙar nan ba za ta ƙara yin layi da sauran ba, ko Baba ya kwana yana saiti. Don haka in 48 ɗin za a ɗauka, a tabbatar geji 10 ne, ko aƙalla an ƙara masa faranti a kewayen gidan shaf da sandar ƙarfe a leɓen gaba.

Dattijon Zaure: Wannan magana ce. Ga yadda ake gane shi: a juya wuƙaƙe biyu maƙwabta bakinsu ya fuskanci juna, ya kamata su tsaya a tsayi ɗaya, bambanci bai wuce milimita 3 ba. A juya kowace rabin zagaye a sake dubawa. In baki ɗaya ya dace ɗayan bai dace ba, wuƙa ce ta lanƙwasa ko shaf. A sa sabuwar wuƙa a sake awo, in bai gyaru ba shaf ne. In duka bakin biyu sun kauce iri ɗaya, rufin kasko ne ya lotsa. Lanƙwasasshiyar wuƙa ba a miƙe ta da guduma, jefar da ita ake yi.

Hajiya Mai Furanni: Akwai kaskon da ke da wurin jona tiyo a wanke cikinsa. Yana da amfani ko ado ne?

Bakanike: Yana ɗan aiki in an yi nan take bayan yanka, ciyawa na ɗanya. Wadda ta bushe ta daskare sai an kankare da ƙarfe ko katako. In an wanke, a bar wuƙaƙe su juya minti biyu ko uku ruwan ya fita, kuma kada a fesa ruwa mai ƙarfi a saman boris, musamman yana da zafi. Ciyawar da ke kwana a ciki ita ke riƙe danshi ta haifar da tsatsa, ita ce kuma ke ɓata zagayen da iska ke bi. Wajen saye, gidan shaf mai bakin giris ya fi daɗewa in ana kula da shi, rufaffe kuwa ba ya son komai har ranar da zai fara kuka a canza shi.

Mai Lambu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karkata ga mai inci 48. Akwai abin da zan tabbatar kafin a biya?

Injiniya: Ka ɗauki lambar samfuri da lambar jikin taraktar, domin samfuri ɗaya na iya canza hannun rataya daga wata shekara zuwa wata. Ka tabbatar ko kaskon da bel yake karɓar ƙarfi daga kulocin inji ko da shaf, ba sa musanyuwa. In bel ne, ka sayi mai lambar wannan kaskon, ba na tsohon ba, kuma ba bel ɗin mota ba. Wanda ya ɗara tsawo kaɗan zai riƙa zamewa in ciyawa ta yi kauri, inji na kuka daidai amma wuƙa ta rage gudu, sai a ga layi-layi a rasa dalili. Ka duba sifirin ɗin da ke ɗame bel da hannun fulin da yake ja, ya riƙa motsi ba cijewa. Ka tambaya ko sandunan rataya da fil-fil ɗinsu na cikin kayan ko daban ake saye.

Dattijon Zaure: Sabon kasko ma ba a daidaite yake zuwa ba, a yi masa awon nan ranar da aka ɗaura shi, a maimaita bayan 'yan sa'o'in aiki na farko in bel da sanduna sun zauna. Yankan farko kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawa. In ta kai inci 6, a fara da inci 4, bayan kwana biyu ko uku a sauko 3. A riƙa kewayawa bakin kasko na zubarwa wajen da aka riga aka yanka, kuma kowane layi ya hau kan na baya da kamar inci 3 zuwa 4.